Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Fitar da Fasalin Mota, Kuma Me Ya Sa Bodin Na Yanzu Ke Saurin Lotsewa?

TAMBAYA

Malam, ni mai gyaran bodin mota ne, na fi shekara 20 ina bugun ƙarfe. A kan Fijo 504 da Marsandi na koyi aiki, motocin da sai ka yi gumi kafin guduma ta motsa ƙarfensu. Na yanzu kuwa, ɗan acaɓa ya ɗan goge su sai ƙofa ta lotse, bamba kuma roba. Ga shi duk sun koma kama ɗaya, in ba ka duba tambari ba, ba ka raba Toyota da Hyundai. Su wa ke fitar da fasalin nan? Rowar ƙarfe ce, ko kuwa akwai dalili? Sannan ina da yaro ɗan shekara 14 wanda ya cika bayan littattafansa da zanen motoci. Abin yi ne wannan, ko in hana shi ya kama karatu?

Daga wani mai gyaran bodi, Gusau.

AMSA

Malam, na ji daɗin wasiƙarka, don tambayar wanda hannunsa ke kan ƙarfe kullum daban take da ta mai kallo daga bakin titi. Akwai inda zan ba ka gaskiya, akwai kuma inda zan roƙe ka ka sake tunani. Bari mu fara da masu zanen.

A farkon zamanin mota babu wata sana'a mai suna zanen bodi. Injiniya ne ke haɗa inji da ƙafafu, sannan a miƙa wa maƙeran keken doki su ɗora masa akwatin da mutane za su zauna. Henry Ford ma bai ɗauki kyau a bakin komai ba. Motarsa Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, ta yi shekaru daga 1914 zuwa 1925 ba a fitar da ita da wani fenti sai baƙi. Abokan hamayyarsa na General Motors, ƙarƙashin Alfred Sloan, su ne suka lura cewa wanda ya riga ya mallaki mota ba zai sake sayen irinta ba sai idonsa ya ga abin da ya burge shi. A 1926 suka ɗauko wani mutum daga Kalifoniya mai suna Harley Earl, wanda a da yake ƙera wa taurarin fim bodi na musamman. Ya fitar musu da fasalin wata mota LaSalle, ta karɓu, sai suka buɗe masa sashe guda a kamfanin wanda ba shi da aiki sai siffa da launi. Daga nan sana'ar ta tsaya da ƙafafunta. Yau kowane babban kamfani yana da irin wannan sashe, kuma a cikinsa masu zanen waje daban, masu zanen ciki daban, masu zaɓen launi da kayan kujeru daban.

Kada ka ɗauka mai zane yana samun farar takarda ya yi abin da ransa ke so. Kafin ya ɗauki fensir, injiniyoyi sun riga sun kafa masa iyaka: ga tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, ga inda inji zai zauna, ga tankin mai, ga inda kan direba zai kai in dogo ne. A cikin wannan shingen zai yi kiwonsa. Za a yi zane ɗaruruwa, a tace, a shigar da kaɗan cikin kwamfuta, sannan a zo ga matakin da na san zai ba ka sha'awa. Har gobe, duk da ƙarfin kwamfuta, manyan kamfanoni suna gina motar da yumɓu, daidai girmanta na gaske. Earl ne ya yaɗa wannan dabara. Ba yumɓun tukwane ba ne, wani haɗi ne mai kakin zuma da mai wanda ake ɗumamawa ya yi laushi, a shafa shi a kan ƙashin katako da soso mai tauri, in ya huce ya daskare a riƙa kankare shi da ƙarafa masu kaifi. In an gama sai a lulluɓe shi da wata leda mai ƙyalli kamar fenti, a tura shi ƙarƙashin dogayen fitilu, a tsaya ana kallon yadda haske ke kwanciya a jikinsa. In layin haske ya karye a wani wuri, to akwai tudu ko kwari a nan, ko da bai kai kaurin farce ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina jiran motata, ina kallon wani dattijo mai irin sana'arka yana gama ƙofar da aka buge. Ya ajiye guduma, ya goge tafin hannunsa a jikin riga, ya kawar da kai gefe, ya bi ƙofar da hannu a hankali tun daga madubi har bakin marfin tanki. Sai ya tsaya, ya koma baya kaɗan, ya ɗauki alli ya zagaye wani wuri da ni ban ga komai a kai ba. Da ya sa yaronsa ya juyo da ƙofar wajen rana, sai ga ɗan kwarin ya fito. Abin da masu sassaƙa yumɓu ke yi ke nan a Turin da Ditiroit da Nagoya. Hannunsu da naka aiki ɗaya suke yi, sai dai su suna gaba da ƙera motar, kai kana bayan haɗari.

To mu zo ga lotsewa, don nan ne zuciyar tambayarka, kuma nan ne nake so ka ba ni aron hankalinka.

Ka ɗauki tulu cike da ruwa ka sake shi a kan siminti, ka ɗauki wani ka sake a kan tarin yashi. Nisan faɗuwar ɗaya ne, amma na farko ya tarwatse, na biyu ya tsira, saboda yashi ya ba da kai, ya tsayar da tulun sannu a hankali. Haka karo yake. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfi, kuma in ta daki wani abu dole ƙarfin nan ya sami inda zai tafi. In gaban motar ya ƙi lanƙwasa, motar za ta tsaya cak, mutanen ciki kuwa su ci gaba da tafiya har sai sitiyari ko gilashi ya tare su. Ƙarfe ya tsira, ƙirji ya karye. Wani injiniyan Marsandi, Béla Barényi, shi ya tsaya a kan wannan tunani: a yi gaba da bayan mota su zama masu naɗewa kamar zugazugi, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya zama mai tauri ƙwarai. An ba shi rajistar wannan fasaha a 1952, kuma Marsandi ta fito da ita sosai a motarta ta 1959. Yau babu motar kirki da ba a kan wannan tsari aka gina ta ba.

A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta yi gwajin da ya kamata duk mai kewar tsohon ƙarfe ya gani. Suka haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwa mai kaurin bodi, gaba da gaba da Chevrolet Malibu ta 2009, kowacce tana gudun kusan kilomita 64 a awa. Gaban sabuwar ya naɗe, amma ɗakin direba ya tsaya yadda yake. Tsohuwar kuwa, ɗakin ne ya rufta, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba. Gani ya kori ji, hoton gwajin yana nan a intanet, ka sa yaronka ya nemo maka a waya.

Saboda haka fatar waje da kake bugawa, wadda a yawancin motocin yanzu ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, ba ita ke riƙe da ran mutum ba. Ƙarfin yana ciki, a ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da dogarin da ke cikin ƙofa, da bakin rufi, da ƙasan ƙofa. A nan ake sa wani ƙarfe mai haɗin boron wanda ake matsewa yana ja wur da zafi, a sanyaya shi nan take, ya fito da taurin da ya ninka na tsohon ƙarfe sau da yawa. Na tabbata ka taɓa cin karo da shi: wurin da bakin abin huda ƙarfe ke ƙonewa bai shiga ba. Ina roƙonka a nan, don Allah, kai da abokan sana'arka. In irin wannan ginshiƙi ya lanƙwashe, kada a gasa shi da wutar gas a miƙe. Wuta tana kashe taurinsa. Zai koma daidai a ido, a shafe shi da fenti, mai mota ya biya yana godiya, amma ranar da aka sake karo zai naɗe kamar gwangwanin madara. Canza shi ake yi. Motocin haɗari da ake shigowa da su daga gwanjon Amurka suna da yawa a kasuwanninmu, kuma rayukan waɗanda za su hau su suna hannun wanda ya gyara.

Bamban roba ma da dalilinta. Tun daga 2005 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera mota su yi la'akari da wanda mota za ta buge a ƙasa. Bamba mai laushi da soso a bayanta tana rage karayar ƙafa. Bonet kuma dole a bar rata tsakaninsa da inji, domin in kan mutum ya faɗa a kai ƙarfen ya sami wurin lotsawa kafin ya tarar da abu mai tauri. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an yi wa gaban mota waldar ƙaton bututun ƙarfe wai don kariya. A garuruwanmu da yara ke tsallaka titi a guje, da masu tura baro da 'yan talla, wannan ƙarfen makami ne. Yana kuma iya rikita na'urar da ke sanar da jakar iska lokacin buɗewa. In an kawo maka irin wannan aiki, ka faɗa wa mai motar gaskiya.

Ka lura da abin da dokar bonet ɗin nan ta jawo, don a nan amsar tambayarka ta kamanni ta fara. Da aka ɗaga bonet, sai gindin gilashin gaba ya ɗagu. Da ya ɗagu, sai layin tagogin gefe ya bi shi sama, tagogi suka ƙanƙance, ƙofofi suka yi tsawo. Ƙofa mai tsawo tana sa taya ta zama ƙarama a ido, sai aka ƙara girman wili. Kowane kamfani da ke son sayar da mota a Turai ya bi wannan hanya, don doka ɗaya ce a kan kowa.

Sai iska. Ka fitar da tafin hannunka ta taga mota tana gudu 40, ka sake fitarwa tana gudu 80. Turin da za ka ji ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, haka lissafin yake. A kan babbar hanya, kaso mai yawa na man da mota ke sha wajen ture iska yake tafiya. Direbobin haya da ke ɗaure kaya a kan rufi sun san haka a aljihunsu ko ba su san lissafin ba. Tun a shekarun 1920 Paul Jaray, wanda ya yi aiki a kamfanin jiragen Zeppelin a Jamus, ya nuna cewa siffar ɗigon ruwa, mai kumburin gaba da siririn baya, ita ta fi ratsa iska. Chrysler ta gwada wani abu mai kama da haka a 1934 da motarta Airflow, mutane suka ƙi saye, don idonsu bai saba ba. Daga baya wani Bajamushe, Wunibald Kamm, ya gano cewa ba sai an ja wutsiyar ta yi tsini ba: a zuro rufi a hankali, sannan a datse bayan kamar an sare da wuƙa, sakamakon kusan ɗaya ne. Ka dubi bayan Toyota Prius, shi ke nan.

Akwai lambar da ake auna turjiyar iska da ita, ƙanƙantarta ita ce kyanta. Tsohuwar Volkswagen Beetle tana wajen 0.48. Audi 100 ta 1982 ta sauko 0.30, aka yi ta mamaki a lokacin. Marsandi EQS mai lantarki ta kai 0.20. Ana samun wannan ne a wani dogon zaure mai ƙatuwar fanka, inda ake ajiye mota a hura mata iska da hayaƙi a ga inda yake bi. Iska kuwa ba ta san tambari ba. Amsar da ta ba Toyota ita za ta ba Hyundai: kwantar da gilashin gaba, zuro rufi, shafe kusurwa, rufe ƙasan mota. In ɗalibai goma suka yi lissafi ɗaya daidai, amsarsu za ta zo ɗaya.

Yanzu inda zan ba ka gaskiya. E, akwai lissafin kuɗi, kuma ba kaɗan ba. Siririn ƙarfe ya fi araha, ya kuma rage nauyi, nauyi kuwa mai ne. Waɗannan layuka da ƙwarya-ƙwaryar da kake gani a jikin ƙofofi ba ado kaɗai ba ne, suna ƙara wa siririn ƙarfe tauri, kamar yadda kwanon rufi ke samun ƙarfinsa daga tudu da kwarin da aka yi masa. Kowane ɓangaren bodi kuma da ƙaton mazubin ƙarfe ake matse shi, mazubin da ke cin kuɗi masu yawa da watanni kafin a sassaƙa. Don haka kamfanoni ke gina motoci iri-iri a kan ƙashi ɗaya. Volkswagen ta fito da nata tsarin, MQB, a 2012, wanda Golf da Audi A3 da Skoda Octavia duk suke kai. In ƙashi ɗaya ne, tsayi da faɗi ba za su yi nisa da juna ba.

Abin da ya rage wa mai zane ya nuna kansa shi ne fuska: fitilu da ragar gaba. BMW tana riƙe da ragarta mai gida biyu tun 1933. Mu ma nan da fuska da ƙeya muke sa wa mota suna. Marsandin da Bruno Sacco ya jagoranci zanenta a tsakiyar shekarun 1980, siffar murfin but ɗinta ce ta sa muka kira ta V-boot. Camry mai siririyar fitilar baya ta zama Pencil, wadda ta biyo bayanta mai jiki ta zama Big Daddy. Kuma in mota ta yi shekara uku ko huɗu a kasuwa, kamfani ba ya taɓa ƙofofi da rufi, sai ya canza bamba da fitilu da raga, don su ne masu arahar canzawa. Abin da kuke yi a gareji ke nan in an kawo tsohuwar jif a mayar da ita sabon yayi.

Inda na fi jin zafin abin shi ne, yawancin motocin nan ba da hanyoyinmu a rai aka zana su ba. Bamba mai jan ƙasa tana da kyau a titin Jamus, amma a kan tudun rage gudu na unguwa ko hanyar ƙauye da damina, kwana nawa za ta yi? Fitila guda da aka haɗe da na'urori, in dutse ya fasa ta sai an sayi sabuwa dungurungum. Fijo 504 da kake kewa ba banza ta shiga ranmu ba. Gidan zane na Pininfarina a Italiya ne ya fitar da fasalinta, ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye rami, bodinta kuma shimfiɗaɗɗe ne wanda mai guduma zai iya mayarwa. Aka yi ta haɗa ta a masana'antar Fijo ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, har cikin shekarun 2000, alhali an daina yin salun ɗinta a Faransa tun 1983. Amma ko ita, in za a yi karo, na fi son iyalina su kasance cikin motar yanzu. Abin da muke bukata shi ne mota mai tsaron yanzu da juriyar 504, kuma ba mai zana mana ita sai wanda ya san hanyar Gusau zuwa Ɗansadau da ƙafarsa.

Wannan ya kawo ni kan yaronka. Kada ka hana shi. Jelani Aliyu ɗan jihar Sakkwato ne, an haife shi a 1966, kuma shi ma da zanen motoci ya tashi. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya sami tallafin karatu na jiharsa ya tafi College for Creative Studies a Ditiroit, ya gama a 1994, General Motors ta ɗauke shi. Zanensa ne ya zama fasalin samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, motar da ke tafiya da lantarki. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC. Hanyar tana da tsawo, guraben aikin kuma kaɗan ne a duniya, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya iya wannan zane ba mota kaɗai zai iya fitarwa ba. Keke Napep, bodin tirela, motar ɗaukar marasa lafiya, injin casar shinkafa, duk suna jiran mai ba su siffa.

Zane da karatu kuma ba kishiyoyi ba ne. Ka ga duk abin da na lissafa maka, iska da nauyi da taurin ƙarfe, lissafi ne da kimiyya, sai ya riƙe su da kyau, da Turanci, da kwamfuta. Ka saya masa littafin zane na musamman don ya bar bayan na makaranta. Ka ce ya riƙa zana abin da ke gabansa, buta da babur da hannun mutum, ba mota daga ka kaɗai ba, ya kuma riƙa rubuta kwanan wata a kowane zane yana adanawa, domin makarantun wannan fanni tarin zanen ɗalibi suke fara dubawa. Ran Asabar kuma ka tafi da shi gareji. Ka ba shi ƙofar da aka cire ya ɗaga ya ji nauyinta, ka nuna masa dogarin da ke ciki, ka kama hannunsa ka bi da shi a kan ƙarfe har ya fara jin kwarin da ido ba ya gani. Ɗaliban Ditiroit kuɗi suke biya a koya musu wannan, shi kuwa a gida yake da malami.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya yaron. In ya yi zane biyu ko uku da ya fi so, ka aiko mana ta adireshin wannan fili mu gani.